Waiwaye: Yadda ɗumama gidajen Jamus ya koma kan bututu ɗaya

Tun shekarar 2023 ake kai ruwa rana a Jamus kan dokar ɗumama gidaje, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. A yadda aka kafa ta a lokacin, dokar ta ce sannu a hankali duk sabuwar na'urar ɗumama da za a kafa sai ta samo kashi 65 cikin 100 na ƙarfinta daga makamashin da ba ya ƙarewa. Masu gidaje na kukan tsada, masu rajin kare muhalli na cewa an ma makara. Da yawa kuma suna magana kamar yaƙin Yukiren na 2022 ne mafarin komai. Maganar ta girmi yaƙin da kusan shekara hamsin.

Sanyin Jamus ba na 'yan makonni ba ne, daga Oktoba har Afrilu ake fama da shi. Yawancin gidaje suna da tukunya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tana dafa ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa ƙarafan da ke ƙarƙashin tagogi. Ƙidayar 2022 ta nuna kashi 56 cikin 100 na gidajen da iskar gas suke dafa wannan ruwa, kashi 19 kuma da man ɗumama, ɗan'uwan dizal.

Farkon labarin sananne ne. Bayan yaƙin duniya na biyu kwal ake ƙonawa. Daga baya mai ya yi araha, mutane suka huta da ɗaukar kwal da kwashe toka, suka cika ɗakunan ƙasa da tankuna. A 1959 aka gano gas mai ɗimbin yawa a Groningen ta ƙasar Holan, ya fara shigowa Jamus ta Yamma. A Fabrairun 1970 aka ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Sobiyet a birnin Essen: Jamus ta ba da manyan bututu da bashi, a biya ta da gas.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne shekaru huɗun da ke tsakanin 1973 da 1977, kuma a ganina nan ne hanya ta rabu. Ranar 1 ga Oktoban 1973 gas ɗin Sobiyet ya fara shigowa ta garin Waidhaus na jihar Bavariya. Ba a rufe wata ba rikicin mai ya ɓarke, cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. Daga 25 ga Nuwamba aka hana tuƙa mota Lahadi huɗu a jere, har mutane suka riƙa yawo da ƙafa a kan manyan tituna. A daidai lokacin da kowa ya tsorata da mai, sai ga madadinsa ya iso bakin ƙofa.

Mai gidan da ya ga kuɗin mai ya fi ƙarfinsa, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya gyara gidan kansa, ya lulluɓe bango da rufi da abin da ke tsare ɗumi, ya sauya tagogi, aikin da ke cin kuɗi da watanni da ƙura. Ko kuma ya bar komai yadda yake, ya cire tukunyar mai ya sa ta gas. Bututun cikin gida ba sa canzawa, ƙarafan ƙarƙashin taga ma haka. Warin mai ya tafi, babu sauran jiran tanka a bakin titi, ɗakin da tankuna suka mamaye ya zama wurin ajiye kaya ko shanya wanki. Wa zai ga laifin wanda ya zaɓi ta biyu?

An dai yi dokar tsare ɗumi a gine-gine, wadda ta fara aiki a Nuwamban 1977, amma sababbin gine-gine ta shafa. Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen zama na Jamus kuwa sun riga wannan doka, kuma da yawansu har yau ɗumi yana zurarewa ta bangonsu. An sauya abin ƙonawa, yunwar gidan tana nan.

Akwai abin da aka rasa ba tare da an lura ba. Mai amfani da man ɗumama yana cika tankinsa lokacin zafi idan farashi ya sauka, daga duk dillalin da ya ga dama, ya kwana da sanin cewa na hunturu guda yana ƙarƙashin ƙafarsa. Mai gas ba shi da wannan. Ya zama kamar manomin da ya rushe rumbunsa don kasuwa ta matso kusa, ya koma awon kullum. Ga shi kuma shekaru da dama kwangilolin gas masu dogon zango a ɗaure suke da farashin mai, in ya hau su hau. Tserewar ba ta kai yadda aka ɗauka ba.

Maƙwabciya Danmak ta sha irin wannan girgiza, ta bi wata hanyar. A 1979 ta yi dokar da ta sa kowane gari ya tsara yadda zai ɗumama unguwanninsa, aka shimfiɗa bututun ruwan zafi daga tashoshi na gayya. Yau kusan gida biyu cikin uku a can da wannan suke ɗumama, kuma in za a sauya makamashi a tasha ake sauyawa, ba gida-gida ba. A Jamus kuwa, zuwa shekarar 2000 kusan uku cikin huɗu na sababbin gidaje da gas ake haɗa su.

Sai batun zaɓin kamfani. A 1998 aka buɗe kasuwar makamashi, ko da yake sauya mai sayar da gas bai zama abin yi ga talaka ba sai wajen 2007. Ɗaruruwan kamfanoni suka fito, mutum ya shiga intanet ya kwatanta farashi, ya sauya duk shekara don ladan sabon shiga. Wasu sun rage kuɗi sosai, wannan gaskiya ne. Amma sunan da ke kan takardar biya kawai ke canzawa, gas ɗin daga bututu ɗaya yake fitowa, kuma zuwa 2021 kusan kashi 55 cikin 100 na wanda ake shigowa da shi daga Rasha ne. Fiye da rabin mutanen ƙasar ma 'yan haya ne. A benen da tukunya ɗaya ke ɗumama kowa, mai gida ke zaɓar tukunya da kamfani, ɗan haya ya biya.

A ƙarshen 2021, tun ba a fara yaƙi ba, farashin sari ya yi tashin gwauron zabi. Wasu masu sayarwa da araha, waɗanda ba su sayi gas sun ajiye don gaba ba, suka daina bayarwa, dubban ɗaruruwan gidaje suka faɗa hannun kamfanin da doka ta ɗora wa karɓar kowa a yankinsu, a wurare da dama kan farashi mai zafi. A Agustan 2022 farashin sari ya haura yuro 300 kan kowane megawat na awa guda, a ƙarshen watan kuma gas ya daina zuwa ta Nord Stream, babban bututun da ke kawo shi daga Rasha. Cikin gaggawa aka buɗe tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Wilhelmshaven a Disamba, a 2023 kuma aka ƙayyade farashin kashi 80 cikin 100 na abin da gida ke sha.

Duk da wannan wahala, a shekarar da ake ta muhawara kan dokar, mutane sun yi rububin sayen abin da suka sani kafin a rufe ƙofa. A 2023 an sayar da tukwanen gas kusan 790,000, fiye da ninki biyu na na'urorin lantarki masu janyo ɗumi daga iska ko ƙasa, waɗanda dokar ta so a koma musu. Tukunyar gas takan yi shekara ashirin ko fiye tana aiki, dokar da ta fara aiki a 2024 kuwa ta sa 2045 a matsayin shekarar daina ƙona gas da mai a gidaje.