Waiwaye: Yadda Kachalla Ta Canja Fadamar Haɗejiya

Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, fadamar Haɗejiya tana da lokutanta da kowa ya sani. Da tsakiyar damina kogin Haɗejiya da na Jama'are sukan cika su batse, ruwa ya malale ƙasar Guri da Kirikasamma har Nguru, da kaka kuma ya fara ja da baya. Manomi ya yanke shinkafa, ya bi danshi ya shuka wake. Masunta su kwashi kifin da ya rage a tafkuna, Fulani su gangaro da shanu. Da hunturu agwagin ruwa masu gudun sanyin Turai su sauka dubbai, su tarar da dinya da kirinjijiya 'yan gida.

Ba ofis ke tsara wannan ba. Sarkin ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga tafki kaza da wanda za a bari ya huta, bulama da dattawa kuma su sasanta manomi da makiyayi.

Sai aka tare ruwan daga sama: Tiga, sannan Challawa a 1992. Babu mai musun amfanin da Kano ta samu, shinkafar Kura da tumatirin Kadawa shaida ne. Amma ambaliyar da ke raya fadama ta ragu, kuma abin da ya fi ɓarna shi ne ruwan da ake saki da rani, wanda ya hana kogi bushewa kamar da. Kachalla, doguwar ciyawar ruwa, babu abin da take so kamar ruwan da bai ƙafewa. Ta cika hanyoyin ruwa, saiwarta ta riƙe laka, ƙoramu irin Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta ƙoramar Marma yana cinye gonaki da gidaje, wasu garuruwan kuma suna kukan fari. Tsuntsun janbaki ya samu wurin kwana a cikin kachallar, daga nan yake fita ya afka wa gero da shinkafa. Tsuntsayen ruwa ma sun yi asarar sararin tafki da suke kiwo.

Masu kare muhalli sun zo. A 1987 aka fara shirin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru, a 2008 Baturiya, wani sashe na fadamar, ta shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kiyaye dausayi, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da yankin gandun daji na ƙasa.

Duk da haka, wanda ya san wurin ya san su wa ke shiga ruwa. Gayya ake kira, maza su fito da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, ga matsattsaku. Dole a sare ciyawar daga ƙarƙashin ruwa don kututturen ya nutse ya ruɓe, in an sare ta sama ba ta daɗewa take tofowa. Mata da ke saƙa tabarma da kabar goruba su ma da wannan fadamar suke ci. A ganina zalunci ne a riƙa tsara ranar buɗe ruwan Tiga da Challawa, ko a shata iyakar gandu, ba tare da an zauna da sarakunan ruwa da bulamomin Guri da Kirikasamma ba, alhali ƙofar gidajensu ruwan ke tsayawa.