Waiwaye: asibitin ƙauye a Zamfara da abin da ya faru a 2010

Muhawarar da ake yi kan asibitocin sha-ka-tafi a ƙauyukan Zamfara ta fi karkata ga gini: nawa aka gyara, nawa aka rufe saboda 'yan bindiga. Sai ka ce matsalar tsaro ce ta haifi maganar, alhali maganar ta girmi matsalar tsaron.

Tun 1978 ƙasashen duniya suka amince a taron Alma-Ata cewa a kai kiwon lafiya kusa da talaka. A Najeriya, zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti aka fara gwajin wannan tsari da ƙananan hukumomi 52 a 1986, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko a 1992. Lokacin ma Zamfara tana cikin jihar Sakkwato, sai 1996 aka ƙirƙiro ta.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 2010. Kowa yana tuna gubar dalmar da ta kashe yara a shekarar a matsayin labarin zinare, amma a duba yadda aka gano ta. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum, ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yaro ya kama amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai rasuwa. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, wasu suka ce iska. Har agwagi sun riga mutuwa.

Ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, MSF, da ke bibiyar sanƙarau ne suka lura da yawan mace-macen. Baƙi ke nan, kuma wata cutar suka zo nema. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Da akwai malamar asibiti mai kwana a garin, wadda ta san Lami ta binne ɗa a makon jiya, maƙwabciyarta ta binne yau, kuma tana rubutawa, da wuya abin ya kai wata da watanni. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa kuwa, ba gidan zama, ba dangi, takan nemi canjin wurin aiki.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kuɗin na iya sayen magani da fenti, amma horar da 'yar ƙauyen ta zama ungozoma sai ta gama sakandare tukuna.