Ciwon da ke haɗa ƙunci da tashin ƙarfi a lokaci guda: tambayoyi da amsoshi

Wane irin ciwo ne wannan?

Likitoci na kiransa bayfola. Ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke ɗaga mutum sama, ya daina barci, ya yi ta surutu da kashe kuɗi, bayan wani lokaci kuma ya jefa shi cikin ƙunci har ya kasa tashi daga tabarma. Yakan soma a ƙuruciya, kuma yana bin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a 2019.

To yaya kuma abubuwa biyun ke haɗuwa?

Nan ne mutanenmu ke ruɗewa. A ce ga saurayi a wani ƙauye, ana tsakiyar girbi, kwana huɗu bai runtsa ba. Yana zagaye tsakar gida, ya ɗauki lauje ya ajiye, ya daka wa ƙannensa tsawa, bakinsa bai tsayawa kamar an kunna rediyo. Amma ka saurari abin da yake faɗa: "Inna, ni ba ni da amfani, gara in mutu ku huta." Hawaye na zuba, ƙafafu sun ƙi zama. Jiki yana gudu, zuciya tana cikin rijiya. Wani zai ce taurin kai ne, wani ya ce iskokai ne suka taɓa shi.

Me ya sa ake cewa wannan yanayin ya fi haɗari?

Mai ƙunci zalla sau da yawa ba shi da ƙarfin aikata mugun tunanin da ke ransa. Wannan kuwa yana da tunanin, yana da ƙarfin, ga gaggawa. Shi ya sa barazanar kashe kai ta fi yawa a nan. In ya ambaci mutuwa, kada a ce neman magana yake. A ɗauke maganin feshi da fiya-fiya daga ɗaki, a ɓoye igiya, a rufe rijiya, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi mota a ranar. Wallahi wannan ba abin jira sai ranar kasuwa ba ne.

Yaya likita ke gane shi?

Babu gwajin jinin da ke nuna shi. Labari ne ke nuna shi, don haka a tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiyar. Likita zai tambaya: ya taɓa yin mako guda yana cikin tashin ƙarfi? Ya taɓa yin mako biyu cikin ƙunci? Akwai mai irin wannan a dangi? Tun 2013, ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ta ce in mutum yana ɓangare ɗaya amma ya nuna aƙalla alamomi 3 na ɗaya ɓangaren, to haɗaɗɗen yanayi ne. Za a kuma duba maƙoƙo, a tambayi batun tiramadol, kodin da wiwi, don suna kwaikwayon ciwon. Kada kunya ta sa a ɓoye.

Akwai magani?

Akwai, kuma mutane na komawa gona da kasuwa. Ana ba da masu daidaita yanayi kamar balfurowet da lisiyam, ko kuma olanzafin da kwitiyafin. Abin da ya fi damuna shi ne a je kemis a ce "ba ya barci, yana kuka", a miƙo amitiriftilin, wato maganin ƙunci. Maganin ƙunci shi kaɗai yana iya ƙara rura wutar.

Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa wa likita, domin balfurowet na iya nakasa jariri. Mai shan lisiyam kuma yana bukatar gwajin jini lokaci-lokaci saboda ƙoda da maƙoƙo, kuma ƙishirwa na sa maganin ya taru a jiki ya zama guba. A zafin bazara irin namu, ko kafin azumi, a koma a nemi shawara.

In ya samu sauƙi, ya daina sha?

A'a. Sauƙin daga maganin yake, dainawa kwatsam na dawo da ciwon.

Addu'a fa?

A yi ta, ba ta hana asibiti. Abin da ba shi da gurbi shi ne mari da duka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin masu wannan lalura.

Ina za a kai shi?

A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai na Kazaure. In tafiyar ta yi nisa, a fara da babban asibiti mafi kusa a karɓi takardar turawa, kuma a tafi da kwalayen duk magungunan da ya sha.