Waiwaye: tun yaushe rasit ya riga awon majinyaci?

Har yanzu a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ana ja-in-ja kan abin da ya faru a ɗakunan masu korona: wa aka sa wa iskar oksijin, wa aka ce ya jira, kuma wa ya yanke hukuncin? Wasu na cewa annobar ce ta rusa ƙa'idojin aikin likita. A tsage ta tarar da bangon.

Ƙa'idojin ba sababbi ba ne. Dokar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964 sun ce ba a gwaji a jikin mutum sai da yardarsa. Riƙe sirri da fara duba wanda ya fi galabaita kuwa sun girme su. Korona ta iso Kamaru ne a Maris na 2020.

Abin da ake tsallakewa shi ne taron Bamako na 1987. Ƙananan asibitoci ba su da ko ƙwayar zazzaɓi, sai ƙasashen Afirka suka amince majinyaci ya biya wani abu, a juya kuɗin a sake sayo magani. Niyyar mai kyau ce, magani ma ya dawo. Amma a Janairun 1994 darajar sefa ta faɗi da rabi, maganin waje ya yi tsada. Al'ada ta kafu: a rubuta takarda, mai jinya ya je ya biya, ya dawo da safar hannu, sirinji da ledar ƙarin ruwa, sannan a taɓa mara lafiya. Mai biya ake ja gefe a faɗa wa sunan cutar. Shi ake tambaya, "Alhaji, a yi aikin?", matar da za a yi wa tana kwance tana ji. A nan yarda da sirri suka bar hannun mai jikin.

Korona ta ɗora wa wannan tsari lissafi mai tsauri. Wanda awon iskar jininsa ya sauka ƙasa da kashi 90 cikin ɗari kan buƙaci oksijin lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya in ciwon ya tsananta, babbar tukunya mai lita 6,800 kuma ba ta kai shi awa 12. Na'urar tace iska lita 5 ko 10 take bayarwa a minti ɗaya, ana ɗauke wuta ta tsaya. Ƙa'ida ita ce a auna kowa, a ba wanda zai fi amfana, a sake aunawa, a rubuta dalili, kada mutum ɗaya ya yanke. Inda ba a yi haka ba, tukunya ta tsaya a gadon wanda danginsa suka iya sayo ta biyu.