Dunƙule Nawa Kike Jefawa A Tukunya?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da kewaye. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma yau maganar kicin zan yi.

A wajen awon hawan jini idan na ga lamba ta haura nakan tambayi mace, Hajiya gishiri nawa kike sawa a miya? Amsar kusan ɗaya ce kullum, "ai daidai misali" ko "hannuna ya sani". To wallahi hannu bai sani ba. Hannu harshe yake bi, shi kuwa harshe sabo gare shi, idan ya saba da gishirin bana baɗi sai ya nemi ƙari, ke kuma ba ki lura kin ƙara ba tunda ba ki taɓa ƙirgawa ba.

Shi ya sa nake roƙon kowane gida a samu tsarin girki a rubuce. Ba sai kin je neman girkin turawa a YouTube ba, miyar kukarki da kuɓewarki da dafa-dukarki nake nufi. Ki samu ɗan littafi ko ki sa a waya: shinkafa derika nawa, mutum nawa za su ci, manja ludayi nawa, magi guda nawa, gishiri cokali nawa. Shikenan fa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Kuma na yini duka ake nufi, har da wanda ya riga ya shigo cikin burodin Agege na safe, da yajin tsire, da kilishi, da sardin na gwangwani. Dunƙulen ɗanɗanon nan da muke ce wa magi kuwa, ko wane kamfani ya yi shi, gishiri ne kan gaba a kayan haɗinsa, ki juya bayan ledar ki karanta da kanki. Kanwa ma akwai sinadarin sodiyam a cikinta, wanda shi ne dai yake ɗaga jinin. Sai ki ga tukunya ɗaya an jefa magi biyar, an bi da babban cokali na gishiri wanda shi kaɗai ƙananan cokali uku ne, an ɗan sa kanwa don wake ya yi saurin nuna, sannan a ce wai Alhaji ba ya cin gishiri tunda likita ya hana.

Idan a rubuce yake, ragewa ba wuya. Wannan satin biyar, sati mai zuwa huɗu, a haka a haka, cikin 'yan makonni harshe ya saba kuma yara ba za su ma gane ba. In kika yanke lokaci ɗaya ne maigida zai ture kwano ya ce lami. Gurbin da aka rage a cike shi da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da attaruhu. Amma wadda ba ta samu daddawar gida ba sai iru na Yarabawa, ta sani sau da yawa da gishiri ake adana shi, a ɗauraye tukuna.

Wani amfanin, gidan da ake karɓa-karɓar girki, yau uwargida gobe amarya jibi yarinya ta dawo daga makaranta ta ɗora, mai hawan jini ko ciwon suga a gidan nan kullum awo daban yake ci. Takarda ɗaya a manne a bangon kicin ta raba gardama.

Ga kuma kuɗi. Mu da muka taso da mudu da tiya muka zo Legas muka tarar da derika da robar fenti, da yawa har yau da ka muke zubawa, abinci ya yi saura, ga zafi ga ba wuta, kafin safe ya yi tsami a zubar ko a ɗumama a ba yara su kwana suna zawo. Da tsadar tumatir da tattasai a Mile 12 wa yake da na zubarwa?

Ku ma maza ban ƙyale ku ba, musamman masu zaman kansu, 'yan gadi da 'yan dako da masu zuwa teburin mai shayi. Ledar kayan ɗanɗanon da ke cikin Indomie ta isa har ta yi yawa, ka ce Malam sa min rabi, kuma kada a ƙara magi a ƙwan.

Jaririn da bai kai shekara ba kada a sa masa gishiri ko suga ko zuma a kununsa, a ɗebe nasa kafin a sa wa manya.

Wanda aka riga aka ɗora kan maganin hawan jini ya ci gaba da sha, rage gishiri taimaka wa maganin yake yi, bai maye gurbinsa ba. Wadda za ta zo awo ta taho da littafin nata mu duba tare.