Ɗan tsako yana son ɗumi, amma ba a ɗakin da yara ke kwana ba

Ni malamin gona ne a ɓangaren kiwo, kuma yawancin yawona a unguwannin zango na Kumasi, a ƙasar Gana, nake yinsa: Aboabo, Asawase, Sawaba, Sabon Zongo, wani lokaci har Ayigya. Da wuya in shiga gida ban ga kaza tana tono a bakin kwata ba. Ina jin daɗin ganin haka. Kaza asusun mace ce. Ita ake sayarwa ranar da aka koro yaro daga makaranta, ita ake yanka wa baƙo, ita ake kai wa mai jego. A ƙasar da yawancin naman kajin da muke ci daskararre ne da aka shigo da shi ta jirgin ruwa, duk matar da ta raini kaji goma a bayan ɗakinta ta yi abin a yaba mata. Abin da yake damuna shi ne inda muke ajiye 'yan tsaki a makonninsu na farko, da abin da hakan yake jawo wa 'ya'yanmu.

Cikin hunturun da ya wuce, da sassafe, wata baiwar Allah a Aboabo ta aiko ɗanta ya kira ni. Kwana uku kafin nan ta sayo 'yan tsaki 30 masu kwana ɗaya da kuɗin adashinta. Ina shiga ta tare ni da cewa, "Malam, zo ka gani. Ni dai ban san ko baki ne ba." Kwalin yana gefen gado, a kan siminti tsura. Kusa da shi ga kurfoti da tokar gawayin da ya kwana yana ci. An toshe taga da tsumma. Na ɗaga murfin, sai na ga 'yan tsakin sun cure a lungu ɗaya, wani kan wani, na ƙasan guda tara sun mutu, an danne su. Na ce mata, "Mma, ba baki ba ne. Sanyin simintin nan ne ya shige su bayan wuta ta mutu." Sannan na tambaye ta yadda yaran suka tashi. Ta yi shiru tana dubana, ta ce duka ukun da ciwon kai suka farka, ƙaramar har amai ta yi.

Wannan amsar ta fi mutuwar 'yan tsakin tayar min da hankali. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mai barci kuwa ba ya jin shigarta. Ciwon kai, jiri da amai su ne gargaɗinta, kuma akwai waɗanda ba sa farkawa su ba da labari. Don Allah, ko 'yan tsakin na zinariya ne, kada wuta ta kwana a ɗakin da mutum yake barci.

Matar ba ta yi kuskure ba da ta nema musu ɗumi. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashinsa na gaske ya fito, wajen mako huɗu zuwa shida. A makon farko yana buƙatar zafin da ya kai maki 32 zuwa 35 a ma'aunin Salsiyas, a riƙa ragewa da kamar maki 3 kowane mako. Ba sai kin sayi ma'auni ba, su da kansu za su gaya miki. In sun cure a jikin wuta suna tsuwa da ƙarfi, sanyi suke ji. In sun gudu bakin bango sun buɗe baki suna haki, zafi ya yi yawa. In duk sun koma gefe guda, iska ce take shigo musu ta wata kafa. In kuwa sun warwatsu, wannan yana ci, wancan yana sha, wani ya miƙe ƙafa yana barci, to kin dace.

Wurin da ya kamata shi ne wani lungu a waje: ƙarƙashin baranda, tsohon kicin da ba a amfani da shi, ko ɗan akurki da kafinta zai haɗa da ragowar katako da waya. A kewaye su da kwali ko falanki a zagaye, kada a bar kusurwa, don a kusurwa suke danne juna. A ɗora garwashin da ya riga ya kama sosai cikin tukunyar ƙasa, a kan bulo, yadda ba za su taɓa ta ba, kuma a bar kafa a sama hayaƙi ya fita, don gubar da ke kama yaro tana kama ɗan tsako. Mai amfani da ƙwan lantarki ya tabbata irin mai zafi ne, waɗannan fararen na zamani haske kawai suke bayarwa. Kuma ya ajiye gawayi a kusa, tunda mun san halin dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ba ya sallama kafin ya zo.

Ƙasan wurin shi ne rabin aikin. A shimfiɗa ɓawon katako mai kaurin yatsu uku ko huɗu. Ana samunsa wajen masu aikin katako a Sokoban, ko wajen kafintan unguwa. A nemi ɓawon da injin fira yake fitarwa, ba garin mai laushi ba, don suna tsattsagar garin su cika ciki da shi. A kwana biyu ko ukun farko a rufa takarda a kai, a barbaɗa abinci a kanta. Duk inda ya jiƙe a kwashe a zuba busasshe. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce gidan ciwon kashin jini, wanda yake sa ɗan tsako ya takure, ya saki fukafukai. A nan Kumasi da muke da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, laima ba ta yi mana nisa.

Ruwa kafin abinci. Ranar da aka kawo su, a ba su ruwa mai tsabta da ɗan sukari, a tsoma bakin kowane ɗaya a ciki don ya gane wurin. Gwangwanin madara da aka huda kusa da baki aka kife a kan faranti ya isa mashaya. In kasko ne, a zuba tsakuwa a ciki kada su faɗa su jiƙe. Abinci kuma, tsakin masara da dusa kaɗai ba sa gina jiki. A daure a sayi abincin 'yan tsaki na shago ko da na mako huɗu ne. In kuɗi bai kai ba, a haɗa tsaki da dakakken ƙananan kifi marar gishiri, da gara in an samu, da ɗanyen ganye. Abin da ya yi funfuna a zubar, kada a ce ai kaji ne.

Wadda take da kazar gida mai kwanci ta huta da rabin wannan wahala, don babu kurfotin da ya kai uwa. A sa mata ƙwai 10 zuwa 12 waɗanda ba su wuce mako ɗaya ba, a yi musu alama da fensir don a gane sabon da wata ta zo ta saka. Bayan kwana 7 zuwa 10 a haska su da fitilar waya cikin duhu. Wanda aka ga jijiyoyi a ciki yana da rai, wanda yake fayau a cire shi kafin ya zama baragurbi. Kwana 21 za ta ƙyanƙyashe, in ƙwan zabo ne aka sa mata sai wajen 26 zuwa 28. Asarar tana zuwa ne bayan nan, in aka sake ta da 'ya'ya goma cikin unguwa, ta dawo da uku. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma a zango ba shirwa kaɗai ba ce. Akwai kyanwa, akwai gafiya, akwai kwata mai zurfi, akwai ƙafar mai babur. A kife su da uwar a babban kwando ko keji na mako huɗu zuwa shida, ana matsar da shi zuwa busasshen wuri.

Sai annobar da kowa ya sani ko da bai san sunanta ba, wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Ta fi tashi da hunturu. Kaza ta yi zugum kamar ta yafa mayafi, kashinta ya koma kore, tana haki, wata wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki gida ya yi tsit, sai na maƙwabta. Ba ta da magani. Kafso ja da rawaya da ake fasawa a ruwa, barkono, toka, babu wanda yake kashe ƙwayar cutar. Abin da take da shi rigakafi ne. Akwai wanda ake kira I-2, da aka samar a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya domin kajin ƙauye, yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga babba da ƙarami, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu, kuma a tabbata an yi wajen Oktoba ko Nuwamba kafin iska ta juya. Ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, don haka matan gidan haya ko na layi guda su haɗa kai, su je ofishin likitan dabbobi na yankinsu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma, a sa musu rana. Kajin suna kiwo tare, ya kamata a ɗiga musu tare. Masu sayen 'yan tsakin gona su tambayi mai sayarwa rigakafin da aka riga aka yi musu, da ranar da za a ba su na Gumboro, wata cutar da ke kama 'yan tsaki. Sabuwar kazar da aka sayo a kasuwa, ko aka kawo tsaraba daga arewa, a ware ta kwana 14 kafin ta shiga cikin sauran.

Yanzu in koma kan yara, don su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Ku zauna a tsakar gida ku lura da yaro mai rarrafe na minti goma. Hannu a ƙasa, hannu a baki. Na taɓa gani da idona, yarinya 'yar wata tara ta tsinci kashin kaza ta kai baki, uwarta tana tuƙa tuwo taku uku daga wurin. Kashin kaza, ko na lafiyayya, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela da kamfilobakta, masu kawo gudawa da zazzaɓi. Yaron da gudawa take yawan dawo masa ba ya girma yadda ya kamata, sai a ce haƙori ne, ko a ce mayu. A share kashin safe da yamma, a tara shi a buhu, masu lambu suna nemansa. A shimfiɗa wa mai rarrafe tabarma mai tsabta. Kaji kada su kwana a ɗaki ko a kicin, kada su hau kan kwanonin da aka wanke, kada su sha a bokitin ruwan gida. Na san yadda yara suke son ɗan tsako, su rungume shi, su sumbace shi, su sa shi cikin riga. Ban ce a raba su da kiwo ba, a nan suke koyon tausayi da riƙon amana. Amma 'yan ƙasa da shekara biyar su kalla da ido, manyan kuma su wanke hannu da sabulu bayan sun ba da abinci ko sun kwashe ƙwai.

Akwai wata al'adarmu da nake roƙo mu sake dubawa: kaza ta fara layi, sai a ce maza a kawo wuƙa kafin ta zama mushe. Na fahimci zafin asara. Amma murar tsuntsaye ta shigo Gana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, kuma tana iya kama mutum, musamman mai yanka da mai fige. In kaji suna faɗuwa da yawa farat ɗaya, kai ya kumbura, tukku ya yi baƙi-baƙi, kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada a jefa a kwata ruwa ya kai wa na ƙasa. A hana yara zuwa wurin, a kira likitan dabbobi. Wadda ta mutu a ɗauke ta da leda a hannu, a binne da zurfi. Kazar da ake ba magani kuma, a bi kwanakin da aka rubuta a jikin takardarsa kafin a ci namanta ko ƙwanta.

Ƙwan lafiyayyar kaza kuwa, kada a kai duka kasuwa. Maganar cewa yaro mai cin ƙwai zai yi sata ba ta da tushe. Daga wata shida, in an fara ba shi abinci tare da nono, a dafa masa ƙwai ya dahu sosai, a murmushe masa a koko ko a tuwo mai laushi.

Ranar da na je gidan matar nan ta Aboabo, ba mu rabu ba sai da muka fitar da kwalin. Mai gidan ya ba mu lungun bayan tankin ruwa, ɗanta ya je wajen kafinta ya cika buhu da ɓawon katako, wata maƙwabciya ta ara mata tsohuwar tukunyar ƙasa. Na koma bayan mako biyar na tarar da 19 sun yi gashi, suna tsalle suna neman haye falankin. Tagar ɗakin a buɗe take, ƙaramar tana zaune a kan tabarma da rabin dafaffen ƙwai a hannu. Mma ta ce min ta yi magana da matan gidan su shida, suna son a zo a ɗiga wa kajinsu ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin a buɗe akurki.