Mene ne "sitof-moshan"? Fim ɗin da ake haɗawa hoto bayan hoto

Kwanakin nan kalmar ta shiga bakin matasa masu koyon aikin watsa labarai a nan Damagaram. Wasu su ce "sitof-moshan", yadda suka ji a YouTube. Waɗanda suka yi nisa a lakwal kuma su ce "imaj par imaj" da Faransanci, wato hoto bayan hoto. A ganina wannan na biyun ya fi faɗin gaskiyar abin.

Ga yadda yake. Ka ajiye abu marar rai a kan tebur, a ce saniyar laka irin wadda yara ke ginawa a bakin tabki da damina. Ka ɗauke ta hoto ɗaya. Ka matsa ƙafarta ɗan kaɗan, kamar faɗin ƙwayar dawa, ka janye hannunka, ka sake ɗauka. Haka za ka yi ta yi. In aka jera hotunan aka sake su a guje, sai ido ya ga saniya tana tafiya da ƙafarta. Ba a ɗauki bidiyo ba ko na sakan ɗaya, kowane hoto a tsaye yake cak. Sinima tana nuna hoto 24 a cikin sakan guda, amma masu wannan aiki sukan ɗauki 12, kowanne ya fito sau biyu. Ke nan fim na minti ɗaya tak yana cin hoto 720, kuma kafin kowanne sai hannun mutum ya taɓa saniyar nan.

Nan ya rabu da katun na zane da kuma na kwamfuta. Abin da ake ɗauka a nan yana da jiki, yana da inuwa, ana iya riƙe shi a tafin hannu. Ana yi da laka, ana yi da ƴar tsana mai ƙashin waya a ciki don ta lanƙwasu ta tsaya inda aka bar ta, ana yi da yankakkiyar takarda kamar yadda Bajamushiya Lotte Reiniger ta yi dogon fim a 1926. Har da mutane masu rai ana yi, su riƙa tsayawa ana ɗauka.

Na zauna a wani aji da ake koyar da shi, kuma abin da na fara lura da shi shi ne ƙarancin kayan aikin. Wayar hannu ce guda, an ɗaure ta da roba a jikin bulo biyu, sai kwali da aka shimfiɗa, sai fitila mai caji. Malamin ya sa an rufe tagogi ruf da rana tsaka. Wata ɗaliba ta ce wa malamin, "Mushe, ga hasken Allah kyauta, don me za mu zauna a duhu?" Ya ce ta gwada ta gani. Ta ɗauki hoto talatin da taga a buɗe. Da aka kunna, sai hasken ya riƙa ƙyaftawa kamar walƙiya, don rana ba ta jira ta ba, tana ta tafiya tsakanin hoto da hoto. Daga nan ba ta sake tambaya ba, ita ce ma ke tashi ta ja labule.

Sauran matsalolin duk irin namu ne. Da hunturu lakar tabki takan bushe ta tsage kafin a kai hoto na ɗari, shi ya sa ake rufe ta da jiƙaƙƙen tsumma in za a huta. Wani ya jingina da tebur, komai ya goce, aikin awa biyu ya tashi a banza. Akwai manhaja irin Stop Motion Studio da ke nuna inuwar hoton baya a kan na yanzu don ka ga iya inda ka matsa, kuma tana taimakawa ƙwarai. Amma ba ita za ta gaya maka nawa za ka matsa ba, kuma a nan gwanintar take. Matsi ƙanana a jere suna ba da tafiyar sanɗa, manya suna ba da gudu. Hannun da zai ɗaga yakan fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sake lafawa. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda raƙumi ke durƙusawa a kasuwar dabbobi ba, ba zai iya sa raƙumin laka ya durƙusa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yawancin ɗaliban sun ɗauka wannan fasaha baƙuwa ce da intanet ta kawo jiya. Alhali ɗan ƙasar nan, Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin katun, na zane da na hoto bayan hoto, a Afirka baki ɗaya. Ya yi aiki tare da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, gwanin fim ɗin katun, ya dawo gida, daga baya ya zauna a Tawa yana aikinsa. A 1977 ya yi Samba le Grand da ƴan tsana, hoto bayan hoto. A fim ɗinsa Kokoa kuwa kwaɗi ne da sauran dabbobi ke kokawa a fili, ga makaɗa ga ƴan kallo, yadda muka san ta a filin kokawar gargajiya. Ya kamata a fara nuna wa ɗalibai waɗannan kafin a nuna musu na Ingila da Amurka.

A ƙarshen makon, rukunin ɗalibar nan suka gama nasu: motar kara da ƙanenta ya ƙera, tana zuwa ta tsaya, jakin laka ya tsallaka hanya, sannan ta wuce. Sakan 15 ne, hoto 180, kwana uku suna yi. Aka kunna a wayar, aji ya yi tsit, sai wani daga baya ya ce, "Don Allah Mushe, a maimaita, ban ga lokacin da jakin ya kaɗa kunne ba."